A Daina Cin Tarar Masu Ciwon Ɓarin Kai

'Yan'uwa manoma, akwai wata doka da ƙungiyoyinmu da dama suke bi, ina roƙo a sāke dubanta tun damina ba ta kankama ba. Dokar tara nake nufi. Wanda bai fito aikin gonar ƙungiya ba, ko gayyar da aka kira wa ɗan'uwa, sai ya biya. Ba na ƙin dokar. Ba dominta ba, da gonakin ƙungiya da yawa sun zama saura tun shekarar fari. An kuma keɓe marasa lafiya, haka ya kamata. Amma ku lura da irin mara lafiyar da muke yarda da shi: mai zazzaɓi da jikinsa ke rawa, wanda hauya ta sare wa ƙafa, wanda maciji ya sara, mai jego. Watau wanda idonmu ya ga ciwonsa.

To, akwai waɗansu a cikinmu, a Sakajiki da Kurya da Yankaba har zuwa ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, waɗanda ciwonsu ba ya ganuwa. Yawancinsu mata ne. Jiya an ga mace tana sussuka tana dariya. Yau ta kulle ɗaki, ta toshe taga da tsumma, ta ɗaure kai da ɗankwali, ko kukan jaririnta ba ta iya ji. Jibi ta fito garau kamar ba ita ba. Sai magatakarda ya rubuta mata tara, sauran mata su kalli juna. Wata uku ana haka, an riga an sa mata suna: raguwa, ko mai iska, ko wadda ta yi wani abu a ɓoye Allah yana bin ta.

Wannan ciwo sananne ne, sunansa ciwon ɓarin kai, ko ciwon kai na ɓari guda. Likitoci suna ce masa maigiren. Sunan nasu ma daga wata kalmar Helenanci ya fito, wadda wani likita mai suna Galen ya yi amfani da ita wajen shekara 1,800 da suka wuce, ma'anarta kuwa rabin kai. Ashe Bahaushe da Bahelene suna ɗaya suka ba shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa cikin kowane mutum bakwai a duniya ɗaya yana da shi, watau fiye da mutum biliyan 1. Mata sun ninka maza wajen sau uku. Yana bin jini: in uwa tana da shi, ba abin mamaki ba ne a same shi ga 'yarta. A babban ƙidayar cututtukan duniya na 2019, shi ne na biyu cikin cututtukan da ke hana mutane aikinsu, ga mata matasa kuwa shi ne na ɗaya. Ƙungiya mai mutum 30 ke nan da wuya ta rasa uku ko huɗu.

Ga yadda yake. Kai yana sara, sau da yawa gefe guda, kamar ana daka a ciki. In mutum ya sunkuya ko ya yi tafiya, sai ya ƙaru, don haka ba yadda za a yi ya riƙe hauya. Zuciya tana tashi, wani har amai. Haske yana soka ido, ƙara tana soka kunne, ƙamshi ko wari yana tayar da hankali. In ba a yi magani ba yakan ɗauki awa 4 har zuwa kwana 3, bayansa kuma a yini a gajiye. Waɗansu, kusan ɗaya cikin uku, kafin ciwon ya sauka sukan ga wani haske yana walƙiya yana karkacewa kamar haƙoran zarto, ko rabin abin da suke kallo ya ɓace, ko hannu da leɓe su yi ɗan mutuwa. Wannan yakan wuce cikin awa guda.

A nan ne mutanenmu suke ruɗewa. Mace ta ce ta ga walƙiya da rana tsaka ba hadari, sai a ce ta yi gamo. Ana tsakiyar sujada, an ɗaga ganga da lasifika, janareto yana hayaƙi a bakin taga, ta tashi ta fita da hannu a ka, sai a ce abin da ke jikinta ne ba ya son jin sunan Yesu. 'Yan'uwa, wannan magana zalunci ce. Tun 1944 wani masani ɗan Barazil, Aristides Leão, ya gano wani irin motsi da ke ratsa fuskar ƙwaƙwalwa sannu a hankali, yau kuwa likitoci sun yarda shi ne ke kawo wannan walƙiya. Zafin kuma yana da hanyarsa: wata babbar jijiya da ke kai saƙon ji daga fuska da kai, ita ce ke sakin wani sinadari da ke hura ciwon. Saboda an gane wannan sinadari har an yi allurar da ke tare shi, aka fara ba da ita a Amurka a 2018. Tsadarta ta fi ƙarfinmu nesa, amma tana koya mana abu guda. Ciwon da allura ke tarewa a jikin Kirista da Musulmi da wanda bai yarda da Allah ba, na jiki ne.

Duk da haka likita ba zai iya gaya maka abin da ya sa Allah ya bar ciwon ga wannan ya tsallake wancan ba, bai kuwa da maganin da zai raba ka da shi har abada. Ana rage shi, ana sarrafa shi, ga mata da yawa yakan yi sauƙi bayan al'ada ta ɗauke. Amma wanda yake da shi yakan yi shekaru 20 ko 30 yana zama da shi. Daga nan ne tambaya take tashi, wadda ba ta asibiti ba ce: don me ni? Na yi addu'a, an ɗora mini hannu, an shafa mini mai, ga shi ranar Talata ya komo.

Mu Hausawa muna cewa ruwa ba ya tsami banza. Ga sha'anin noma maganar daidai ce: in gero ya yi ja, akwai dalili, ko taki ko wuta-wuta. Amma in muka ɗauki karin maganar muka ɗora wa mai ciwo, ma'anarta takan koma: faɗi laifin da ka yi. Wannan tunani ba na wani addini guda ba ne, yana cikin zuciyar ɗan adam. Ku tuna da sanƙarau da ya ɓulla a jihar nan a ƙarshen 2016, Zurmi na cikin wuraren da ya fara taɓawa, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, ya kashe fiye da mutum 1,000 kafin damina ta 2017. A watan Afrilu na 2017 gwamna na lokacin, Abdulaziz Yari, ya shaida wa 'yan jarida cewa horo ne daga Allah saboda zunubin jama'a. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya fito fili ya ƙi wannan magana, ya ce a nemo allurar rigakafi. Da yawa cikinmu mun ji daɗin amsar Sarki. To, abin da muka ƙi daga bakin gwamna, don me muke faɗa wa 'yar'uwarmu a Zumuntar Mata? Haka kuma a 2010, sa'ad da yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wajen 400, ba a rasa masu neman dalili a ɓoye ba, sai da aka gwada jini aka ga gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje.

Ubangijinmu da kansa an kawo masa wannan tambaya, ba sau ɗaya ba. Ku karanta Yohanna sura 9. Almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka so a gaya musu ko laifinsa ne ko na iyayensa. Yesu ya ƙi duka biyun. Ku karanta Luka sura 13, inda aka ba shi labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam. Ya ce sam waɗannan ba su fi sauran mutane zunubi ba, ya juya maganar tuba a kan masu tambayar. Mu da muke zaune a wannan yanki, wannan sura kamar dominmu aka rubuta ta. Wa zai tsaya gaban matar da 'yan bindiga suka kashe mijinta a gona ya ce mata alhakinsa ne ya kama shi? Ba mai iyawa. Amma ga ciwon kai muna iyawa, domin shi ba ya zub da jini.

Labarin Ayuba kowa ya san shi, sai dai akwai wurare biyu da muke saurin tsallakewa. Na fari, abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun yi kwana bakwai zaune da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. A ganina wannan ne aikin kirki guda da suka yi. Da suka buɗe baki suka fara lissafa masa zunubin da lalle ya yi, sai suka lalata komai, a ƙarshe kuwa su ne Allah ya yi fushi da su, ya aike su wurin Ayuba ya yi musu addu'a. Na biyu, mu masu karatu mun san abin da ya faru a sama tun surar farko, amma Ayuba ba a taɓa gaya masa ba. Allah ya yi masa magana doguwa a kan teku da taurari da namun jeji, bai ce masa ga dalilin ciwonka ba. Ayuba ya riƙe Allah ba tare da amsa ba. Kafin nan kuwa ya yi kuka, ya yi gardama, har ya la'anci ranar haihuwarsa, Allah bai kore shi ba. Saboda haka in mai ciwo ta ce ta gaji, in ta ce ba ta gane abin da Allah yake yi da ita ba, kada ku yi mata wa'azi. Zabura cike take da irin wannan kuka, Ikkilisiya kuwa tana raira ta.

Manzo Bulus ya ambaci wata ƙaya a jikinsa cikin 2 Korintiyawa sura 12. Sau uku ya roƙa a cire ta, ba a cire ba, aka ba shi alheri ya ɗauka. Bai gaya mana mece ce ba. Wani malamin Ikkilisiya na Afirka ta Arewa, Tertuliyan na birnin Kartaj, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 200, ya ce a zamaninsa ana cewa ciwon kunne ne ko na kai. Ko ma mene ne, mutumin da Allah ya warkar da mutane ta hannunsa ya yi ta yawo da nasa ciwon. Shi ne kuma ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas, ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon ciki da ke yawan damunsa. Wanda ya ce duk mai cikakkiyar bangaskiya tilas ya warke, sai ya fara da tuhumar Bulus.

Ina kuma jan kunnen masu ta'aziyya irin ta gaggawa, masu cewa, Allah yana koya miki haƙuri ne. Yana yiwuwa. Amma ita ce za ta faɗi haka in ta gani, bayan shekaru, ba kai da kanka ke lafiya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ban ce a bar addu'a ba. A yi, a ci gaba da yi, Yakubu ma ya umarci dattawa su je wurin marasa lafiya. Amma a yi ta da hankali. Mutum goma su cika ɗakin mai ciwon ɓarin kai suna ɗaga murya suna tafi, an ƙara mata azaba ne. Mutum ɗaya ko biyu, a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, minti biyar, sa'an nan a kwashe yaran a kai su maƙwabta, a ɗora mata tukunya. Haka kuma azumi. Rashin cin abinci a kan kari da ƙishirwa suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon nan, tare da zafin rana, da rashin barci, da lokacin al'ada ga mata. In Ikkilisiya ta kira azumi, ya kamata fasto ko mai bishara ya faɗa daga bagade cewa masu wannan ciwo, da masu ciki da masu gyambon ciki, su ci su sha, su shiga addu'ar da zuciya ɗaya. In ba a faɗa a fili ba, kunya za ta sa su yi, su kwana biyu a kwance.

Yanzu ga abin da mai ciwon zai yi wa kansa. Ya nemi gwangwani biyu. Duk ranar da kai ya sara ya jefa tsakuwa a ɗaya, duk ranar da ya sha magani ya jefa a ɗayan. Ƙarshen wata ya ƙirga. Wanda ya iya rubutu ya ƙara da abin da ya faru kafin ciwon: bai karya kumallo ba ne, ya yini a rana, ko bai yi barci ba. Cikin wata uku zai fara gane abokan gabansa. Farasitamol, ko asfirin, ko ibufurofen, suna taimakon mutane da yawa in an sha da wuri, ciwon na farawa, da ruwa mai yawa, a kwanta a duhu. Asfirin da ibufurofen ba na mai gyambon ciki ba ne, mai ciki kada ta sha su sai da izinin ma'aikacin lafiya, asfirin kuma ba a ba yara. Akwai wani magani na wannan ciwo musamman, sumatriptan, wanda ya fito a 1991, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magunguna na tilas a 2021, amma likita ne zai ce ko ya dace da kai.

Gwangwani na biyu shi ya fi muhimmanci, gama a nan ne tarko yake. Wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a kowane wata, maganin da kansa yakan koma yana haddasa ciwon kai na kullum. Ga ƙwayoyin da aka gauraya, da masu kodin ko taramol, kwana 10 ma ya isa. Waɗannan na ƙarshe ku guje su ɗungum, da ƙulle-ƙullen ƙwayoyi marasa suna da ake sayarwa a faranti ranar kasuwa. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa samari. In tsakuwar ciwo ta kai huɗu ko fiye a wata, akwai magunguna masu araha da ake sha kullum don rage yawan zuwansa, irin su amitriptyline da propranolol. Ba na saye a kemis da ka ba ne, domin na biyun yana da haɗari ga mai asma. A je babban asibitin Kaura Namoda, in abin ya faskara a nemi takarda zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau. Mace mai ganin walƙiyar nan kuma ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa, gama akwai irin da ba ta dace da ita ba. Tsagar wanzami a gefen goshi da ƙaho ba sa kai wa ga jijiyar, aska ɗaya ga mutum da yawa kuwa tana ɗaukar cuta.

Kada kuma wannan rubutu ya sa kowa ya raina ciwon kai. Kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, balle a bazara, sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne: a tafi a daren. Ciwon da ya faɗo farat ɗaya da ƙarfin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da karkacewar baki, ko mutuwar hannu da ba ta wuce ba, ko suma, ko bayan an bugu a kai, ko sabon ciwo ga wanda ya haura shekara 50, duk na gaggawa ne. Mai ciki da kanta ke sara, ƙafa ta kumbura, ido yana dishi-dishi, a auna jininta ran nan, kafin jijjiga ta kama ta.

Na san tafiya asibiti a yankin nan ba wasa ba ce. Hanyar Kaura zuwa Zurmi da Shinkafi kowa ya san abin da ta zama a shekarun nan. A watan Satumba na 2021 an katse waya a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako. Mutanen ƙauyuka da yawa sun kwana a daji ko sun yi hijira, ga tsoro ga yunwa ga rashin barci, duka abincin wannan ciwo ne. Waɗansu garuruwa har kuɗi suka tara wa 'yan bindiga kafin a bar su su girbe abin da suka shuka da hannunsu. Mutanen da aka ci tararsu a kan gonarsu, su koma gida su ci tarar mara lafiya a cikin ƙungiyar da ke buɗe taro da addu'a? Ni dai abin ba ya zauna mini.

Wani zai ce, in aka buɗe wannan ƙofa, duk rago zai ɗaure kai ran gayya. Maganarsa tana da kan gado, ga kuma amsarta. Mai ciwon ɓarin kai ba yau ya fara ba, gidansu sun sani, maƙwabta sun sani, shugabar Zumuntar Mata ta sani. A rubuta sunayensu a littafin ƙungiya tun farkon shekara, cikin sirri tsakanin shugaba da magatakarda da dattijo ɗaya. Ranar da ciwo ya hana su fita, kada a rubuta tara, a rubuta bashin yini guda, su biya ran da suka sami lafiya. Rago ba zai so wannan ciniki ba, gama aikin yana jiransa. A bar su su yi nasu kason da sassafe ko da la'asar, a sa su ga ɓarar gyaɗa da zaɓen iri da awon hatsi a inuwa maimakon huɗa da tsakar rana. Masu kiran gayya kuma su kai ruwa da kunu gona tun da hantsi, kada a jira sai azahar, wannan kowa zai amfana. Daga asusun ƙungiya a keɓe wani abu na kuɗin mota zuwa Gusau, rance ba ruwa, a biya da kaka. Tarar da aka riga aka rubuta wa irin waɗannan 'yan'uwa bara, wadda ba su biya ba tukuna, ina roƙon shugabanni su kawo maganarta a taro na gaba, a soke ta a gaban kowa.